Yadda Na Raka Sajan Gwanjon Wasiƙu a Jamus

Tun da muka dawo ban huta ba. In na je gidan suna, tambaya. In na je Islamiyya, ana tashi daga karatu sai a kewaye ni. Ranar nan har a layin masu kifi wata ta riƙe mini mayafi, wai da gaske ne mun sayi gida a Jamus? Wata kuma ji ta yi an kama mu a filin jirgi. Ta biyun ta fi kusa da gaskiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta, bakina ya huta. Koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, rubutu ba zai gagare ni ba.

Dalilin tafiyar dai haihuwa ce. Autarmu Yagana tana aure a Berlin, mijinta Bukar injiniya ne a can. Haihuwar fari, kuma babu halin ta zo wankan gida, sai suka yi mana takardu suka ce ni in je, in kuma taho da maigidan.

Ga waɗanda ba ’yan unguwarmu ba, maigidan shi ne wanda kowa ke kira Sajan. Tsohon ɗan sanda ne, amma bai taɓa kama ko ɓarawon akuya ba. Ɗan badujala ne. Da busa ƙaho ya fara, ya ƙare yana tsayawa gaban sauran da ’yar sanda a hannu yana ba su umarni. Abu biyu ya fito da su daga aikin: kunne mai nauyi, da adaka cike da takardun kiɗa, irin waɗanda ake ja wa layuka a ɗiɗɗiga musu baƙaƙen abubuwa kamar talibambam. Tun yana saurayi yake tara su. Da la’asar sai ya ɗauko ɗaya ya shimfiɗa a cinya, yana kallo yana kaɗa kai, wai yana jin kiɗan. Ni ban taɓa ji ba, amma ban taɓa yi masa musu ba.

Shekarar da kogi ya shigo mana unguwa, muna can muna fitar da hatsi da katifu, adakar tana ƙarƙashin gado. Da ruwa ya janye ya buɗe ta, takardun sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Ya shanya a tabarma, ya yi ta ɓamɓarewa da wuƙa, ƙarshe ya tattara ya kai juji da kansa. Daga ranar magana ta ɗauke masa. Yana zuwa masallaci, yana cin abinci, in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Asibiti suka ce lafiyarsa lau. Ni da ke kwana ɗaki ɗaya da shi na san ba lau ba ne. Shi ya sa Yagana ta nace a zo da shi.

Muka tashi daga Haɗejiya a ƙarshen damina. Direban ya ce hanyar da aka saba bi ta yanke, sai dai a zaga ta Kafin Hausa da Jahun. Bai ce mana ranar kasuwa ba ce. Muna shiga Kafin Hausa muka tsaya cak a tsakiyar shanu, wani bijimi ya zuro kai ta taga ya hau shinshinar jakar da ke cinyata.

Mai shanun ya leƙo ya ce, “Hajiya, kanwa kika ɗauko?”

Na ce na ɗauko.

Ya ce, “To riƙe da kyau, shi ba ya jin magana.”

Kayan jego ne a jakar: kanwa, garin gero, yaji, daddawa, kuka, kilishi, bandar kifi, da turaren wuta. Yagana ta ce kar in ɗauko komai, wai akwai komai a can. Na ji, amma ban yarda ba. Ba a jego da biskit.

Muka kwana a Kano gidan ƙanwar maigidan, washegari jirgi ya kai mu Abuja, daga nan muka shiga babban. Ba ni da abin faɗa a kan jirgi, sai dai an kawo mana abinci a faranti mai ɗakuna kamar gidan haya, kowane ɗaki da loma ɗaya. Ƙarar injin ta hana kowa jin kowa. Sajan ne kaɗai bai ga wani canji ba.

Da muka sauka, muna jan kaya za mu fita, sai wani kare ya zo ya zauna kusa da jakata. Bai yi haushi ba, zama kawai ya yi cikin ladabi. Na ce masa “kore”, bai san Hausa ba. Mai karen, wani jami’i dogo, ya nuna mana wani tebur ya ce mu buɗe.

Sajan ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba, don haka shi ke magana. Matsalar ita ce ba ya jin tambayar. Jami’in ya ɗaga dunƙulen kanwa ya ce wannan mene ne. Sajan ya ƙame ya ce shi ma ɗan sanda ne, mai ritaya. Jami’in ya ɗaga ƙullin garin gero ya ce wannan farin garin fa? Sajan ya ce wajen ’yarsa ya zo. Da na ga za a kwana a nan, sai na ɓantari kanwar na sa a baki, na shafa ciki, na yi alamar goyo. Jami’in ya kira wata abokiyar aikinsa, suka ɗebi garin suka tafi da shi wani ɗaki, suka dawo suka ce lallai gari ne. Daga nan ya kwance ledar daddawa. Karen ya tashi ya koma bayan ubangidansa. Jami’in ya ɗaure ledar da hannunsa, ƙulli biyu, ya maido mini.

Kilishin kaɗai suka riƙe, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na tambaya me za su yi da shi, aka ce ƙonawa. Na dubi karen, karen ya dube ni.

Bukar na jiran mu a waje, ya kusa zama ƙanƙara. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Berlin, don a wani gari daban jirgin sama ya sauke mu. Jirgin cike yake da mutane, amma ko tari babu mai yi. Na yi wa matar da ke kusa da ni sannu, ta duba ƙafarta ko ta taka ni.

Gidan su Yagana yana can saman bene, ɗakuna uku, babu tsakar gida, babu inda za a shanya ko tsumma. Jaririn namiji ne, lafiyayye. Na jira maƙwabta su shigo barka, babu wanda ya shigo. Ashe mutumin da ke ƙofa da ƙofa da su ma bai san an haihu ba. Ranar suna mu da abokan Bukar ne kawai. Ragon a Haɗejiya aka yanka, muka kalle shi ta waya ana feɗewa.

Wankan jego kuwa an yi shi, amma ba yadda na so ba. Babu darbejiya, babu itace, ruwan zafi daga bango yake fitowa. Kunun kanwa na dama shi yadda ya kamata. Turaren wuta ne ya jawo magana. Na kunna gawayi na zuba, ɗaki ya fara kama da ɗakin mai jego, sai wani abu mai jin hayaƙi a rufin ɗakin ya fasa ihu kamar an taka jelar mage. Jariri ya farka, Yagana ta hau kujera tana fifita abin da tawul, maƙwabcin nan ya buga ƙofa a guje. Ta haka ya san an haihu. Washegari ya kawo ’yar safar jarirai.

Abincinsu burodi ne mai tauri da cuku da dankali, kuma da sanyinsa suke ci da yamma ba tare da an yi musu laifin komai ba. Shara kuwa sai an rarraba ta gida-gida kamar rabon gado. Ranar Lahadi kantuna a rufe, ba a daka, ba a buga ƙusa.

Duk wannan bai shafi Sajan ba. Ya samu kujera a bakin taga ya zauna, kamar yadda yake zama a zaure. In an miƙa masa jariri ya karɓa, ya yi addu’a, ya maido. Yagana takan shiga kicin ta share hawaye, ta ce albasa ce.

Wata rana Bukar ya dawo daga aiki da wani littafi mai ƙyalli, ya durƙusa ya ajiye masa a cinya. Ina kicin ban ga ko mene ne ba. Can sai na ji muryar maigidan, da ƙarfi, yana cewa, “Bukar! Zo ka karanta mini nan.” Cokali ya faɗi daga hannuna.

Da yamma Yagana ta ce mini, “Mama, Baba zai je gwanjo.”

Na ce, “Alhamdu lillahi. Da ni za a je.” Dama mutane sun ba ni saƙon rigunan sanyi. Na zazzage babbar jakata na ninke ta na saka a hammata.

Sai da muka isa na gane. Babu dila, babu riga ko ɗaya. Wani babban ɗaki ne mai kafet, da tebura, da mutane sanye da kwat suna sunkuye a kan tsofaffin takardu. Bukar ya yi mini bayani a hankali: wasiƙu ne da manyan masu tsara kiɗan Turawa na da can suka rubuta da hannunsu, mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Akwai masu tara su kamar yadda mata ke tara kwanuka. Yau ranar dubawa ce, gobe a yi gwanjon.

Na ce, “Me ke cikin wasiƙun?”

Ya ce, “Gaisuwa, Hajiya. Wani yana ƙorafin sanyi, wani yana faɗa da mai gidan haya.”

Wadda maigidan ya gani a littafin gwanjon da Bukar ya kawo ta wani mai tsara kiɗan fareti ce, ba ya cikin manyan sosai. Amma akwai wani kiɗan maci nasa da Sajan ya yi rayuwarsa yana bugawa. Da shi aka yaye shi, da shi aka sallame shi, kuma takardarsa na cikin waɗanda ruwa ya ci. Wata ma’aikaciya ta sa muka wanke hannu, ta kawo wasiƙar cikin leda. ’Yar ƙarama ce, ta yi ja, rubutun kamar kaza ta bi ta kai. Da ɗalibina ne da na maido masa ya sake. Bukar ya fassara: mutumin yana tambayar abokinsa yaushe zai dawo masa da kwat ɗin da ya ara. A ƙasa kuma ya ja layuka ya zana farkon wannan kiɗan, wai ga abin da yake aiki a kai.

Sajan ya riƙe ledar. Sai ya buɗe baki ya fara, “Pam, pa-ram, pam, pam!” Mai nauyin kunne bai san ƙarfin muryarsa ba. A ɗakin da ko takalmi ba ya ƙara, shi yana yi kamar yana filin fareti. Duk kawuna suka ɗago. Na nemi inda zan shige da jakata.

Sai na ji ana buga ƙasa da sanda, daidai da shi. Wata tsohuwa ce ’yar firit, gashi fari fat, ta dogaro sandar har inda muke, ta kama daga inda ya tsaya ta ƙarasa. Sunanta Helga. Ta yi koyar da kiɗan fiyano har ƙarfinta ya ƙare, ubanta kuma ɗan badujalar garinsu ne. Ita ma wannan wasiƙar ta zo nema. Suka tsaya suna yaba takardar a gaban ma’aikaciyar, wannan ya yaba, waccan ta yaba, Bukar na fassara. Ni da na girma a kasuwar Haɗejiya na san ba a nuna son kaya a gaban dillali. Su biyun babu wanda ya taɓa sayen ko akuya.

Da muka koma gida aka yi shawara. Maigidan yana da ɗan abin da ya ajiye, Bukar ya ƙara a kai, aka ce in an kai nan a tsaya. Tunda ba zai ji mai gwanjon ba, ni zan riƙe katin lambar, Bukar ya riƙa raɗa mini. Ban gaya wa kowa ba, amma na riga na yi niyya a raina: in abin ya ƙi, awarwaron zinarena zai tafi. Mutumin nan ya ci tuwo ya nemi ƙari a ranar, ya kuma yi wa jariri wasa.

Gwanjonsu ba irin namu ba ne. A wurinmu za a gaisa, a tambayi iyali, a yi tayi, a ce albarka, a yi fushi, a tafi, a dawo. Su kuwa kujeru aka jera kamar makaranta, wani mutum ya hau mumbari da ’yar guduma, mai so ya ɗaga kati ba tare da ya dubi kowa ba. A gefe kuma ga ma’aikata riƙe da wayoyi, suna taya wa mutanen da ba su ga dama sun zo ba. Bukar ya ce kar in ɗaga hannu ko don susa. Nan take hancina ya fara ƙaiƙayi.

Aka fara da wasiƙun manya. Na ce Bukar ya riƙa juya mini kuɗin zuwa naira. Ya juya na farko, na yi salati a bayyane. Daga nan ya ce, “Hajiya, kin sha maganin hawan jininki?” Bai ƙara juyawa ba.

Da aka zo tamu ya taɓa hannun kujerata. Na ɗaga kati. Helga, tana layin gabanmu, ta ɗaga nata. Na ɗaga. Wata yarinya mai waya a kunne ta ɗaga biro. Haka muka yi ta zagayawa mu uku. Sajan yana zaune a miƙe, yana bin hannuwa da ido.

Bukar ya raɗa, “An kai, Hajiya.”

Na sake ɗagawa.

“Hajiya, an wuce.”

Na ce, “Na ji.” Na ɗaga.

Maigidan ba ya ji, amma yana gani. Ya dubi fuskar Bukar, ya dubi hannuna a sama, awarwaron ya zame har gwiwar hannu. Sai ya kama wuyan hannun nawa ya saukar da shi, ya danne a kan cinyata. Tun da aka kai ni gidansa bai taɓa riƙe mini hannu a gaban mutane ba.

Ya ce, a tunaninsa a hankali, “Malama, bari. Na ga takardar. Ya isa.”

Rabin ɗakin suka juyo.

Saura Helga da wayar. Tsohuwar ta yi ta maza har sau da dama, sannan ta kife katinta. Guduma ta sauka. Waya ta ci mu duka. Har yau ban san ko wane ne ba, ko mutum ne ma. Helga ta faɗi wata kalma guda ɗaya, na ce Bukar ya fassara, ya ce bai ji ba.

A bakin ƙofa ta tsayar da mu ta ce tunda duk an kore mu, mu zo gidanta mu sha gahawa. Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da aka gayyace ni gida a ƙasar. Ɗakinta ƙarami ne, fiyano ya cinye rabi, bango kuwa cike da irin wasiƙun nan a cikin gilashi. Ta yanka mana kek, ta zauna ta fara buga kiɗan da ya haɗa su. Sajan ya tashi ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon, ya rufe ido. Na ce a raina to, yanzu za a yi kuka.

Ya buɗe ido ya ce, “Bukar, gaya mata ta cika nawa. Wannan ai rakiyar gawa ce. Wa zai yi maci da wannan?”

Bukar ya sassauta maganar ya faɗa mata. Ta ce ubanta haka yake bugawa. Sajan ya ce Allah ya ji ƙan magabata, amma ubanta bai taɓa tsayawa a rana da kurata ba. Ta ce kiɗa ba gudun tsira ba ne. Ya hau tafa hannu yana nuna mata, ta ƙi bi, ya koma buga ƙafa, ta ƙara sauri kaɗan don ta nuna masa muninsa, ya ce yawwa, ta ce a’a. Bukar yana tsakiya yana gumi, yana zaɓen abin da zai fassara. Sai da mutumin da ke ƙasan benen ya bugo rufinsa da wani abu sannan suka tsaya. Ni dai na cinye kek ɗina na ci na maigidan.

Na ɗauka za ta ciro ɗaya daga cikin na bangon ta ba shi. Ba ta ba shi ba. Masu tara irin wannan kaya ba sa kyauta. Ragowar kek ɗin ta naɗe mana, suka rubuta wa juna adireshi.

A jirgin ƙasa ya yi ta magana har gida, shi kaɗai a duk taragon. Haka ya yi ta yi har aka gama arba’in muka dawo. Rigunan sanyin da aka ba ni saƙo a Kano na saya, waɗanda suka karɓa su yi haƙuri, yanzu sun sani.

To, ga amsar masu tambaya: ba mu sayi gida ba, ba mu sayi takarda ba, kilishi kuma ya tafi. Maigidan yana zaure yanzu, ya sa an sayo masa farar takarda da rula, yana jan layuka yana rubuto abin da ya tuna. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ji labarin tsohuwar da ba ta iya maci ba. Gardamar ba ta ƙare ba, ta koma ta gidan waya. Shi ya rubuta da Turanci ya zana talibambam a ƙasa, ita ta amsa ta gyara masa da jan biro.

In ya gama karanta nata yakan jefar a kan tabarma cikin fushi. Ni nake tsincewa, in goge, in sa a leda, in rufe a cikin kwalla. Matar ta tsufa sosai, ni kuma na ga abin da takardar mamaci take yi a ƙasarsu.